John Snow: Likitan da ya gano cewa ruwan famfo ma yana ɗauko kwalara

Da zarar damina ta kankama a Arewacin Najeriya, labarin ɓarkewar amai da gudawa kan dawo cikin kanun labarai. A shekarar 2021 kaɗai, alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, sun nuna cewa fiye da mutum 100,000 ne ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 kuma suka rasu. Akasarinsu a jihohin Arewa suke, ciki har da Kano da Katsina da Jigawa da Bauchi.

Shawarar jami'an lafiya a irin wannan lokaci ba ta canzawa: a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a nisanta masai da rijiya. Yau ko ɗan firamare ya san wannan. Amma kimanin shekara 170 da suka wuce, manyan likitocin duniya ba su yarda cewa ruwa yana da hannu a cutar ba.

Mutumin da ya tsaya kai da fata sai da ya kawo hujja shi ne John Snow, ɗan wani lebura a Ingila. Abin da ya gano shi ne, ruwa kan fito daga famfo garau, babu wari, ga daɗin sha, alhali yana ɗauke da cutar da za ta kashe mutum cikin yini ɗaya. Ya mutu yana da shekara 45, bai ga ranar da aka gaskata shi ba.

Ɗan lebura daga York

An haifi John Snow ranar 15 ga Maris, 1813, a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa William lebura ne a wurin sayar da kwal, kafin daga baya ya koma noma. Unguwarsu ta talakawa ce a bakin Kogin Ouse, inda ambaliya ta saba shiga gidaje da ƙazanta.

Yana ɗan shekara 14, a 1827, aka kai shi koyon aiki wurin wani likita mai suna William Hardcastle a birnin Newcastle. Tun yana saurayi ya ɗauki wasu halaye da suka bambanta shi da sa'o'insa. Ya bar cin nama, ya ƙaurace wa giya, sannan ya zama mai tsantseni a kan ruwan da yake sha, har yakan tafasa ruwa ya tara tururinsa ya huce kafin ya kai baki.

A ƙarshen 1831 kwalara ta shiga Ingila a karon farko ta garin Sunderland. A shekarar da ta biyo baya maigidansa ya tura shi, yana ɗan shekara 19, ya kula da masu haƙar kwal na Killingworth da cutar ta afka wa.

Abin da ya gani a can bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ma'aikatan kan yini a cikin rami ƙarƙashin ƙasa. Babu ban-ɗaki, babu ruwan wanke hannu, kuma a nan suke cin guzurin da suka zo da shi.

Daga tafiyar ƙasa zuwa fadar Sarauniya

A 1836 Snow ya taka da ƙafa har birnin Landan don ƙaro karatu. Ya samu shaidar zama likitan tiyata a 1838, sannan ya karɓi babban digirin likitanci daga Jami'ar Landan a 1844.

Sunansa ya fara fita ne ta wani fanni dabam. A ƙarshen 1846 aka soma amfani da iskar sa barci lokacin tiyata a Ingila. Kafin nan, ido biyu ake yanka mutum. Matsalar ita ce likitoci ba su san gwargwadon da ya kamata su shaƙa wa majinyaci ba, wani ya farka ana tsakiyar aiki, wani kuma ya zarce.

Snow ya zauna ya auna yadda iskar ke aiki a jiki, ya ƙera na'urar da ke daidaita yawanta. Cikin 'yan shekaru ya zama gwanin wannan fanni a Landan. Shi aka kira ya shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom lokacin haihuwar ɗanta na takwas, Leopold, a watan Afrilun 1853, aka sake kiransa a 1857 lokacin haihuwar 'yarta Beatrice.

Da ya so, da ya tsaya a nan ya ci arzikinsa. Amma batun kwalara bai bar shi ya huta ba.

Lokacin da ake zargin wari

A wancan zamani ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne, kwalara tana yaɗuwa ta gurɓatacciyar iska, wato warin da ke tashi daga juji da kwata da mushe. Landan kuwa gari ne mai wari, mutum fiye da miliyan biyu, ga dubban ramukan masai a ƙarƙashin gidaje. Don a kawar da warin, hukumomi suka dage wajen kora ƙazantar gidaje cikin magudanai, su kuma magudanan suna zubawa a Kogin Thames. Daga wannan kogin ne kamfanonin ruwa ke jan abin da suke tura wa jama'a ta bututu.

Annobar 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da mutum 50,000 a Ingila da Wales, kimanin 14,000 daga cikinsu a Landan.

A 1849 Snow ya buga wani ɗan littafi da kuɗin aljihunsa. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Shi ya san yadda abin da aka shaƙa ke aiki a jiki fiye da kowa. Da a iska cutar take, da huhu za ta fara kamawa. Amma kwalara daga ciki take farawa, da gudawa da amai. Ashe ke nan haɗiyarta ake yi. Ya ce wani abu ne mai hayayyafa yake fita a bayan gidan majinyaci, ya shiga bakin wani ta hannu ko abinci ko ruwa.

Abokan aikinsa suka ce magana ce mai kyau, amma ina shaida?

Kamfani biyu, layi ɗaya

Shaidar ta zo a 1854. A kudancin Landan akwai kamfanonin ruwa biyu da ke gasa a unguwanni guda. Ɗaya shi ne Lambeth, ɗayan kuma Southwark da Vauxhall. Bututunsu na bin layi ɗaya, wannan gida na sayen ruwan wannan kamfani, maƙwabcinsa na sayen na wancan. Iska ɗaya suke shaƙa, talaucinsu ko wadatarsu ɗaya.

Bambancin guda ne. A 1852 kamfanin Lambeth ya mayar da wurin jan ruwansa can saman kogi, inda ƙazantar birni ba ta kai ba. Shi kuwa ɗayan ya ci gaba da ja daga Battersea, a tsakiyar inda magudanai ke zuba.

Snow ya karɓi sunayen waɗanda suka mutu, ya bi gida-gida yana tambayar ruwan wane kamfani ake sha. 'Yan haya da yawa ba su sani ba. Sai ya riƙa ɗibar ruwan a kwalba yana gwadawa, domin ya lura na Southwark da Vauxhall ya fi gishiri nesa ba kusa ba.

A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 da ke shan ruwan Southwark da Vauxhall mutum 315 ne suka mutu. A gidajen da ke shan na Lambeth kuwa, mutum 37 ne. Wato ninki takwas da ɗoriya. Kuma duk ruwan famfo ne, wanda mutane suka biya kuɗi aka kawo musu har gida.

Famfon Titin Broad

Yana cikin wannan aiki sai wata masifa ta faɗo kusa da gidansa. Daren 31 ga Agusta, 1854, kwalara ta ɓarke a unguwar Soho. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu. Cikin kwana goma adadin ya kai 500. Jimillar waɗanda aka rasa a ƙarshe 616 ne.

Snow ya duba adireshin mamatan, ya ga kusan dukkansu suna kewaye da wani famfon tuƙa-tuƙa da ke Titin Broad. Famfon ya yi suna wajen daɗin ruwa, har mutane kan wuce na kusa da su su zo nan su ɗiba.

Bai tsaya ga waɗanda suka mutu ba, ya binciki waɗanda suka tsira. A kusa da famfon akwai gidan gajiyayyu mai mutum 535, amma biyar kacal suka mutu, domin suna da rijiyarsu. Akwai kamfanin giya mai ma'aikata kusan 70, babu wanda ya mutu a cikinsu, su ma ba sa shan ruwan famfon.

Sai kuma labarin wata bazawara da ke zaune a Hampstead, nesa da unguwar, inda babu cutar. Saboda son ɗanɗanon ruwan Titin Broad, kullum ake kai mata shi a kwalba. Ta sha, ta kamu, ta mutu. Wata 'yar uwarta da ta ziyarce ta ta sha ruwan, ita ma ta koma gida ta mutu.

Yammacin 7 ga Satumba Snow ya gana da shugabannin gundumar St James. Ba su gamsu ba, amma sun yarda a gwada. Washegari aka cire hannun famfon. Snow da kansa bai yi iƙirarin cewa wannan ne ya tsayar da annobar ba, domin ta riga ta fara lafawa, mutane da yawa sun gudu. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a ƙofar kowane gida da aka yi mutuwa. Duk wanda ya kalle ta zai ga alamun sun taru a kan famfon.

Wani matashin limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, ya shiga bincike da niyyar ƙaryata shi. A ƙarshe shi ne ya gano tushen. A gida mai lamba 40 wata jaririya 'yar wata biyar ta kamu da gudawa gab da ɓarkewar annobar. Mahaifiyarta ta wanke tsummokaranta, ta zuba ruwan a ramin masai da ke gaban gidan. Da aka tona a 1855, aka tarar ginin ramin ya ruɓe yana yoyo, kuma tazararsa da rijiyar famfon ba ta kai mita ɗaya ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Mutuwa kafin a gaskata shi

Duk da wannan, kwamitin binciken gwamnati ya yi watsi da bayaninsa, ya ɗora laifi a kan iska. Aka mayar da hannun famfon. Mujallar likitoci ta Lancet ta caccake shi.

A bugu na biyu na littafinsa, a 1855, ya jera matakan kariya. Daga ciki akwai wanke hannu ga masu jinya, gaggauta wanke kayan majinyaci, da kuma tacewa da tafasa duk ruwan da ake shakka a kansa. Ke nan bai ce talaka ya zauna jiran kamfani ko hukuma su gyara bututu ba.

A watan Yunin 1858 ya samu shanyewar ɓarin jiki yana tsakiyar rubuta littafi a kan maganin sa barci. Ya mutu ranar 16 ga watan, bai taɓa aure ba. An binne shi a maƙabartar Brompton. Sanarwar mutuwarsa a Lancet 'yar taƙaitacciya ce, ba ta ko ambaci kwalara ba. Sai a 2013 mujallar ta buga gyara.

A wannan bazara da ya mutu, warin Kogin Thames ya addabi majalisar dokoki har ta amince da gina manyan magudanai ƙarƙashin injiniya Joseph Bazalgette. A 1866 kwalara ta sake kashe dubban mutane a gabashin Landan, aka kuma gano ruwan wani kamfani ne da ba a tace ba. Wannan ya sa jami'in ƙididdiga William Farr, wanda a da yake tare da masu zargin iska, ya dawo kan bayanin Snow. Aka manna sanarwa cewa kowa ya tafasa ruwan sha.

Wani masani ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya ga ƙwayar cutar a madubin likita tun 1854, amma ba a kula shi ba, sai da Robert Koch na Jamus ya sake gano ta a Masar da Indiya tsakanin 1883 da 1884. A 1892 kwalara ta kashe fiye da mutum 8,000 a birnin Hamburg, wanda ba ya tace ruwansa, alhali maƙwabcinsa Altona mai tacewa da yashi ya tsira da sauƙi. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba sinadarin kulorin a ruwan jama'a a kai a kai.

Darasin ga ƙasar Hausa

Kwalara ta zamani ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma tun daga nan ba ta fita ba. Hanyar Snow ta bin gida-gida a tambayi abin da aka sha ita ce har yau ginshiƙin aikin duba-gari da masu sa ido kan cututtuka, irin waɗanda ake horarwa a makarantar ma'aikatan lafiya ta Kankiya. Da aka bi wannan hanya a annobar Kano ta 1996, an gano cewa shan ruwan da ake sayarwa a titi yana ƙara haɗarin kamuwa, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuma yana rage shi.

A garuruwa irin su Kankiya da Kusada da ƙauyukansu kamar Boko, gida ɗaya kan sha daga wuri biyu ko uku: famfo idan ya kawo, burtsatse, rijiya, ko 'yan garuwa. Ko ruwan da ya baro matatar gwamnati da tsafta yana iya gurɓacewa a hanya. Idan aka ɗauke ruwa, bututun da ya tsage kuma ya ratsa ta kwata yakan zuƙo ruwan kwatar, ya turo shi gida ranar da aka dawo da ruwa.

Ga hanyoyin da ba sa cin kuɗi da yawa:

Tafasawa. Ita ce mafi tabbas wajen kashe ƙwayoyin cuta. A bari ruwan ya tafasa sosai yana ɓulɓula na aƙalla minti ɗaya, sannan a bar shi ya huce a rufe. Idan itace ko gawayi ya yi tsada, a fifita ruwan shan yara da tsofaffi da marasa lafiya.

Kwantar da laka da tacewa. Alimun, wanda wasu ke kira alam, ko garin 'ya'yan zogale, suna sa datti ya kwanta. Tace ruwa da tsaftataccen ƙyalle da aka ninka sau huɗu ko fiye yana taimakawa, kuma a ƙauyukan Bangladesh hakan ya rage kwalara da kusan rabi. Amma wannan share fage ne kawai. Ruwan da ya yi garau bayan alimun yana buƙatar tafasawa ko kulorin.

Kulorin. Ana samun sa a kyamis da asibitoci, na ruwa kamar WaterGuard ko na ƙwaya kamar Aquatabs. A bi awon da aka rubuta a jikin kwali, a girgiza, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya yi gurɓi, a fara tace shi.

Rana. A cika gorar roba mai haske, wadda ba ta wuce lita biyu ba, da ruwan da ba shi da gurɓi. A kwantar da ita a kan kwano ko rufin ɗaki ta yi awa shida a rana mai ƙarfi. Idan akwai hadari ko hazo, sai ta yi yini biyu a jere.

Ajiya. Nan ne wahalar da aka sha ta fi lalacewa. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa da hannu a ciki tana mayar da tsaftataccen ruwa gidan jiya. Jarka mai murfi da ake tsiyayawa ta fi. Idan randa ce, a rufe ta, a ware mata moɗa mai dogon hannu, a riƙa wanke ta.

Waɗannan hanyoyi na ƙwayoyin cuta ne. Tafasawa ba ta cire guba irin ta dalma ko maganin feshi, don haka ruwan da ake zargin irin wannan gurɓacewa a ƙaurace masa. Wanda kuma gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya da shi asibiti.

A yau akwai famfon tunawa da John Snow a titin, wanda aka sauya wa suna zuwa Broadwick, kuma da gangan aka bar shi babu hannu. Wata ƙungiya mai ɗauke da sunansa tana shirya lacca duk shekara, inda ake cire hannun wani famfo sannan a mayar da shi, don tunatar da mahalarta cewa har yanzu miliyoyin mutane na shan irin ruwan da ya yi gargaɗi a kansa tun 1849.